Ƙarar neman diyya bayan haɗari: neman haƙƙi ne ko cin banza?

Ɗan_Kurmi

Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da daddare wani abokin kasuwancina ya turo mini dogon saƙo ta WhatsApp mai ɗauke da labaran ƙararrakin da ake shigarwa a kotunan Amurka, kuma tun da na karanta abin yake yi mini yawo a rai. A ciki akwai tsohuwar da ta sayi gahawa a McDonald's, ta zuba wa kanta da hannunta, sannan ta kai kamfanin ƙara aka ba ta kusan dala miliyan uku. Akwai wanda ya sayi babbar motar nan mai ɗaki da kicin a ciki, ya saita ta a kan gudu ɗaya, ya saki sitiyari ya koma baya zai haɗa abin sha, motar ta faɗa rami, aka ba shi diyya da sabuwar mota saboda littafin motar bai hana shi tashi daga kujera ba. Akwai kuma ɓarawon da ya rufto ta rufin makaranta aka biya shi. Tambayata ga malamai da lauyoyin da ke zauren nan ita ce, wannan neman haƙƙi ne ko cin dukiyar mutane da sunan shari'a? Ni dai a ganina wanda ya jawo wa kansa haɗari da hannunsa ba ya bin kowa bashi, kuma ina gode wa Allah da wannan ɗabi'a ba ta shigo mana ba.

Maman_Ummi

Wa alaikumus salam. Malam Ɗan_Kurmi, ka faɗi abin da ke raina. Mu da muka tashi ana miƙa mana kunu da tururinsa a ce mu fifita, ba za mu gane yadda babba mai hankali zai ƙona kansa ya ce wani ne ya ƙona shi ba. Ranar da aka fara irin wannan a garinmu, babu mai shayi ko mai ƙosai da zai sake hura wuta.

Barista_Zazzau

Malam Ɗan_Kurmi, Allah ya ƙara girma, amma labarin tsohuwar nan an datse masa kai da ƙafa kafin ya iso wayarka. Sunanta Stella Liebeck, shekararta 79 lokacin da abin ya faru a birnin Albuquerque na jihar New Mexico, a watan Fabrairun 1992. Jikanta ne ke jan motar, kuma ya sami wuri ya tsaya domin ta zuba madara da sukari. Ta sa kofin tsakanin gwiwoyinta tana ƙoƙarin ɓalle murfin, sai ya tuntsure mata a cinya, wandon audugar da ke jikinta ya sha ruwan ya manne da fata. Kwana 8 ta yi a asibiti, aka yi mata dashen fata, jinya kuma ta ja ta kusan shekara biyu.

Da farko ma ba kotu ta nufa ba. Ta nemi kamfanin ya ba ta dala 20,000 domin kuɗin magani da asarar da iyalinta suka yi wajen jinya, kamfanin ya ce dala 800 zai bayar. Da aka zauna shari'a a 1994, takardun kamfanin da kansa suka nuna cewa ƙa'idarsa ce a ajiye gahawa da zafin digiri 82 zuwa 88 a ma'aunin Salshiyas, kuma cikin shekara goma kafin nan an kai masa koken ƙuna fiye da 700, ya biya wasu daga cikin masu koken, bai sauya komai ba. Masu taimaka wa alƙali, wato mutanen gari da ake zaɓowa su saurari shaidu, ba su wanke tsohuwar tas ba. Sun ɗora mata kashi 20 cikin 100 na laifin, shi ya sa diyyar raunin ta sauko daga dala 200,000 zuwa 160,000. Dala miliyan 2.7 da ake yayatawa kuɗin ladabtarwa ne da aka auna da cinikin gahawar kamfanin na kwana biyu, kuma alƙali ya zaftare shi zuwa 480,000. Daga baya ɓangarorin biyu suka sasanta a kan adadin da ba a bayyana ba. Miliyan ukun da ke cikin saƙonka ba ta taɓa shiga hannunta ba.

Sista_Mai_Jinya

Ina so in ƙara a kan maganar Barista ta fuskar aikina, domin na yi shekaru a ɗakin masu ƙuna. Kashi 6 cikin 100 na jikin matar nan ya sami ƙuna mataki na uku, wato wadda ke cinye fata gaba ɗaya har ta kai ga kitsen da ke ƙarƙashi. Irin wannan ba ta warkewa da man shafawa, sai an yanko fata daga wani wuri an dasa. Ruwa mai zafin da Barista ya ambata cikin daƙiƙu kaɗan yake yin wannan ɓarnar, fatar tsoho kuwa ta fi ta matashi sirantaka. Hajiya Maman_Ummi, kunun da kika ce ana fifitawa shi da talge da ruwan wanka su ne suka fi kawo mana yara a lokacin hunturu, kuma ban taɓa jin uwa ta tambayi wanda ya ajiye tukunyar a bakin ƙofa ba.

Ɗan_Kurmi

Na gode Barista, na gode Sista, na ƙaru, kuma na tausaya wa baiwar Allahn nan. Sai dai har yanzu ban sauka daga matsayina ba. Mai shayin da ke ƙofar layinmu daga kan wuta yake zuba ruwa a kofi, yana tafasa, ya fi na McDonald's zafi. Wanda ya sayi abu mai zafi ya san mai zafi ya saya, kuma ba a riƙe kofi da gwiwa.

Bakano_a_Landan

Yaya Ɗan_Kurmi, a wannan gaɓar kotun Ingila tana tare da kai. A 2002 wasu mutane, da yawansu ƙananan yara da iyayensu suka tsaya musu, sun kai wannan kamfani ƙara a Babbar Kotu a kan ƙunar shayi da gahawa, alƙali ya kori hujjarsu. Dalilinsa shi ne jama'a da zafi suke son abin shansu, kuma kowa ya san zai iya ƙona shi idan ya zube. Haka a 2003 kotun ƙoli ta lokacin, wato Majalisar Iyayen Ƙasa, ta hana wani saurayi mai suna John Tomlinson diyya. Yana ɗan shekara 18 ya tsunduma da ka a gefen wani tafki inda ruwan ba shi da zurfi, a wurin shaƙatawa na ƙaramar hukuma, inda aka kafa alluna masu hana iyo, ya karya wuya, jikinsa ya shanye. Alƙalan suka ce abin tausayi ne, amma ba za a rufe wa dubban mutane bakin ruwa saboda ganganci na mutum ɗaya ba.

Amma kada a ɗauka nan babu cuta. Tamu cutar ciwon wuya ce, wanda ake cewa fizgar mota ke jawowa idan aka buge ta ta baya. Ciwo ne na gaskiya, sai dai hoton asibiti ba ya nuna shi, saboda haka mai ƙarya da mai gaskiya duk ɗaya suke a gaban likita. Har ƙungiyoyin 'yan damfara aka samu masu haɗa haɗari da gangan: mutum ya sha gabanka a shataletale ya take birki ba dalili, ka buge shi, gobe mutum huɗu su fito da ciwon wuya alhali shi kaɗai ne a motar. Ni kaina an taɓa goge mini madubi a wurin ajiye motoci, na yi wata shida ana bugo mini waya ana lallashina in ce wuyana na ciwo. A ƙarshe gwamnati ta ƙayyade farashi daga watan Mayun 2021, inda ciwon da bai wuce wata uku ba aka fara da fam 240 kacal, domin a kashe wa masu sana'ar kasuwa.

Mai_Bin_Diddigi

Kafin a yi nisa, a cire labarin motar mai ɗaki daga lissafi, domin bai taɓa faruwa ba. Fiye da shekara ashirin ke nan yana yawo a intanet, sunan mutumin da adadin kuɗin suna sauyawa daga saƙo zuwa saƙo, kuma babu kotun da ke da wannan ƙara a kundinta. Ramin ƙarya ƙurarre ne: duk labarin shari'ar da ya zo ba sunan kotu ba shekara, a ajiye shi gefe.

Na ɓarawon yana da tushe. A 1982 a garin Redding na jihar Kalifoniya, wani matashi mai suna Ricky Bodine ya hau rufin makarantar sakandare da dare domin ya ciro fitila, ya taka wata tagar rufi da aka shafe da fenti har ba a bambanta ta da sauran rufin, ya rufta ƙasa, ya nakasa har abada. Ba hukuncin kotu ne ya ba shi kuɗi ba, masu inshorar makarantar ne suka sasanta a kan dala 260,000 da wani abu duk wata, domin kafin nan wani ya taɓa ruftawa ta irin wannan taga a wata makarantar yankin, hukuma ta sani ba ta gyara ba. Mutanen jihar sun fusata, har majalisarsu ta yi doka a 1985 da ta taƙaita irin wannan ƙara ga wanda ya ji rauni yana aikata babban laifi. Ko a nan za a iya yin gardama, amma a yi ta a kan abin da ya faru.

Direban_Tirela

Ni ba mai ilimin boko ba ne sosai, amma shekara 22 na yi ina jan babbar mota tsakanin Legas da Kano, kuma ina so in gaya wa Alhaji Ɗan_Kurmi cewa ɗabi'ar ta daɗe da shigo mana, kotu ce kawai ba ta zuwa. A wani gari da ba zan ambata ba, ina tsaye cak a cunkoso, ɗan acaɓa ya zo da gudu ya bugi tayar bayana ya faɗi. Gwiwarsa ce ta kuje, babur ɗin kuma fitila ce ta fashe. Kafin in sauko mutane sun kewaye motar, wani ya ɗauko dutse, wani yana kiran a kawo fetur. A wurin aka yanke mini kuɗin sabon babur da kuɗin asibiti, babu wanda ya tambayi wa ya bugi wani, domin a titi dokar ita ce mai babbar mota shi ne mai laifi. Shugabannin ƙungiyarmu ne suka zo suka rage kuɗin, maigidana ya biya, ya riƙa cira daga albashina har wata biyar. Ba'amurke ko banza yana samun alƙali da zai saurari ɓangare biyu.

Uwar_Marayu

Na daɗe ina karanta zauren nan ban taɓa rubutu ba, amma yau ba zan iya yin shiru ba. Shekara biyu da suka wuce wata motar haya ta taka maigidana a kan babur ɗinsa yana dawowa daga makarantar da yake koyarwa. Direban da bakinsa ya faɗa wa 'yan sanda cewa birkin ya daɗe yana ba shi matsala, ya gaya wa mai motar, aka ce ya lallaɓa zuwa ƙarshen wata. Ranar sadakar uku mai motar ya zo da dattawan unguwarsu da buhun shinkafa da jarkar mai. Ina cikin ɗaki ina takaba, yayyen marigayi suna zaure suka ce ƙaddara ce, sun yafe duniya da lahira, aka shafa fatiha, aka je aka janye magana a wurin 'yan sanda. Babu wanda ya leƙo ya tambaye ni. Yara huɗu ya bar mini, babban yana aji biyu na ƙaramar sakandare. Da na ɗaga maganar bayan na fita takaba, sai aka ce ina so in ci kuɗin jinin mijina. Malam Ɗan_Kurmi, ka ce kana godiya da ɗabi'ar kai ƙara ba ta shigo mana ba. Ni kuwa motar nan har yau ina ganinta tana lodi.

Almajirin_Malikiyya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan malam, ya raya abin da ya bari. 'Yar'uwa, abin da aka yi miki ba shi da madogara a shari'a. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta wa wanda ya kashe mumini bisa kuskure kaffara da diyya da za a miƙa wa iyalansa, sai fa idan su suka yi sadaka da ita. Diyya gado ce, ana raba ta kamar sauran dukiyar mamaci. Ke kina da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, kuma tun da akwai ɗa namiji, 'yan'uwan marigayi ba su da kaso balle su yafe. Rabon maraya kuwa ko waliyyinsa ba shi da ikon kyautar da shi. Wanda ya kira diyya cin kuɗin jini yana aibata abin da Allah ya halatta ne.

Game da tambayar farko, shari'a ta toshe ƙofar wuce gona da iri ta hanyar ƙayyade adadi. Ran mutum raƙuma 100 ne, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Kowane yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5. Babu inda fasahar lauya za ta mayar da yatsa raƙumi dubu. Diyyar kuskure kuma dangin mai laifi na wajen uba, wato aƙila, su ke haɗa ta cikin shekara uku, don kada a tsiyata mutum ɗaya. Malamanmu sun kuma bambance asarar da ke da mai ɗauka da wadda ba ta da shi. Hadisi ya inganta cewa abin da dabba ta yi da kanta, da faɗawa rijiya, da ruftawar ramin ma'adini, babu diyya a cikinsu. Amma mahayin dabba da mai janta da mai korarta suna lamunin abin da ta taka, haka wanda ya haƙa rijiya a inda ba a yarje masa ba. Mai motar da ya san birkinsa ya lalace ya ce a lallaɓa, kowa ya san ɓangaren da ya faɗa. Shi kuma mai ƙara ta ƙarya, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗin cewa wanda ya fi abokin shari'arsa iya baki har aka yanka masa haƙƙin ɗan'uwansa, yankin wuta aka yanka masa.

Ɗan_Arewa_a_Houston

Allah ya saka da alheri, Akaramakallahu. Ni da ke zaune a ƙasar da ake magana a kanta, zan ce kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Idan ka hau babbar hanya a nan, allunan tallan lauyoyin haɗari sun fi na masu abinci yawa, kowanne da lambar waya da hoton mutum yana nuna ka da yatsa. Ba ka biyan lauya ko sisi sai an ci, sannan ya ɗauki wajen kashi ɗaya cikin uku. Idan an faɗi kuma, a mafi yawan lokuta kowa shi ke biyan lauyansa, saboda haka mai ƙara ba ya asarar komai, wanda aka kai ƙara kuwa ko ya yi nasara ya yi asara. Shi ya sa kamfanonin inshora sukan biya ƙaramar ƙara marar tushe domin ta fi shari'a araha.

Amma abin da ke tura mutane kotu shi ne kuɗin asibiti. Karaya ɗaya da kwana biyu a gado na iya cinye abin da mutum ya tara a shekaru. A 2015 duniya ta yi ta tsine wa wata mata 'yar birnin New York da ta kai wani yaro ɗan danginta ƙara a jihar Connecticut tana neman dala 127,000, saboda ya faɗa jikinta da murna ranar bikin cikarsa shekara 8 ta faɗi ta karya wuyan hannu. Abin da ta bayyana daga baya shi ne inshorar gidan iyayen yaron take nema ta biya kuɗin aikin hannun, doka kuma ba ta ba ta damar kai kamfanin ƙara kai tsaye ba, sai ta ambaci sunan yaron. Ta faɗi a shari'ar, kuma ita da yaron suka fito a talabijin tare suna cewa babu komai tsakaninsu.

Wanda ba ni da abin kare shi da shi shi ne Roy Pearson, wani alƙalin hukuma a birnin Washington, wanda ya kai masu wanki da guga 'yan asalin Koriya ƙara yana neman dala miliyan 67, daga baya ya rage zuwa miliyan 54, a kan wando ɗaya da ya ce sun ɓatar masa a 2005. Ba haɗari ba ne, amma shi ne misalin da ya dace da saƙon Ɗan_Kurmi. Ya faɗi a 2007, bai sami ko sisi ba, kujerarsa ma ta suɓuce masa, sai dai kafin nan ya jigata mutanen har suka rufe shagon.

Barista_Zazzau

Misalin Pearson ya nuna inda ciwon yake. Ƙara marar tushe ba kasafai take cin nasara ba, ɓarnarta ita ce lokaci da kuɗin da wanda aka zalunta ke kashewa kafin a kore ta. A lura kuma da bambanci tsakanin abin da aka nema da abin da aka bayar. Kowa na iya rubuta biliyan a takardar ƙara, jarida ta buga adadin a shafin farko, ranar da aka kori ƙarar kuwa babu mai bugawa.

Dokar sakaci da kotunanmu ke aiki da ita ta samo asali daga wata ƙara da a zamaninta za a iya kira ta banza. A 1928 wata mata a garin Paisley na Sukotlan ta ce ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a kwalbar lemon citta da aka saya mata, ta kamu da ciwon ciki. A 1932 kotun ƙoli ta yarda cewa mai yin kaya yana da alhakin kula da wanda zai yi amfani da su ko da ba shi ya sayar masa hannu da hannu ba, kuma duk wanda aikinka zai iya cutarwa maƙwabcinka ne a idon doka. Kowane ɗalibin lauya a Zariya ko Kano da wannan shari'a yake fara darasin.

Hajiya Uwar_Marayu, ina miki ta'aziyya. Dokar da aka yi tun 1945 ta wajabta wa kowace mota inshorar da za ta biya wanda aka buge. Daga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗin inshorar ƙaramar motar gida naira 15,000 a shekara, wadda ke ɗaukar ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, ƙari a kan biyan rauni da rasa rai. Matsalar ita ce yawancin masu mota takardar nuna wa 'yan sanda suka ɗauke ta, wasu ma ta jabu suke saya a bakin ofishin lasisi, kuma ba mai motar ba wanda aka buge, babu wanda ke tunawa da ita ranar haɗari.

Ɗan_Maraɗi

Gaisuwa daga Nijar. Mu nan an bi wata hanya da ta yi kama da abin da Malam ya bayyana. Ƙasashe 14, ciki har da Nijar da Cadi da Kamaru, suna ƙarƙashin dokar inshora ɗaya ta CIMA, wadda aka sa hannu a kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992. Dokar ta tsara jadawalin diyyar haɗarin mota, ana lissafi da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, an kuma sa iyakar da alƙali ba ya ƙetarewa. Jandarma ko ɗan sanda ya rubuta rahoton haɗari, kamfanin inshora ya gabatar da tayi, sai an kasa daidaitawa ake zuwa kotu. Ba za ka ji an ba wani miliyoyi na hauka ba. Amma da yake albashin da ake aunawa da shi kaɗan ne, abin da ake ba wanda ya rasa ƙafa ba ya kai shi ko'ina, ga jiran takardu. Ƙanen mahaifina ya fi shekara yana zarya kafin a sallame shi.

Ɗalibi_a_Sin

Akwai wata ɓarna da ba a ambata ba, wadda ta fi ta kuɗi. A 2006 a birnin Nanjing na ƙasar Sin wata tsohuwa ta faɗi a tashar bas ta karye, wani saurayi mai suna Peng Yu ya ɗaga ta ya kai ta asibiti, ita kuma ta kai shi ƙara cewa shi ya ture ta. Kotu ta ce ya biya fiye da yuwan 45,000, kuma cikin dalilanta har da cewa da ba shi ya ture ta ba, da ba zai ɗauki ɗawainiyarta haka ba. Shekaru bayan nan hukuma ta bayyana cewa ya amsa sun yi karo da ita, amma kafin nan darasin ya riga ya zauna a zukatan jama'a: kada ka taɓa wanda ya faɗi. A 2011 a Foshan mota ta taka wata yarinya 'yar shekara biyu, mutum 18 suka wuce ta a kwance, sai wata mai tsintar bola ce ta ɗauke ta. Sai a 2017 aka sa a dokar ƙasa cewa wanda ya kai ɗauki da son ransa ba za a ɗora masa alhakin abin da ya biyo baya ba. Mutanen Sin suna da kalma ta musamman ga masu faɗawa gaban mota da gangan don a biya su, ma'anarta taɓa tangaran.

Maman_Ummi

Maganar ɗalibinmu ta tuna mini cewa mu ma mutane suna tsoron ɗaukar wanda aka buge a hanya, ba don ƙara ba, don gudun a riƙe su a ce su kawo wanda ya buge shi. Uwar_Marayu, ki yafe mini, lokacin da na yi rubutun farko ban kawo irin halin da kike ciki a raina ba. Amma har yanzu ina tsoron ranar da maƙwabci zai kai maƙwabci kotu saboda yaro ya faɗi a ƙofar gidansa.

Ɗan_Kurmi

Na goge saƙon, kuma na gaya wa wanda ya turo mini cewa labarin motar ƙage ne. A kan tsohuwar Albuquerque, na yarda kamfanin da aka kai wa kuka sau 700 bai kyauta ba, amma da ni ne cikin masu yanke hukuncin da kashi 50 zan ɗora mata, ba 20 ba. Abin da Akaramakallahu ya kawo na ƙayyade adadi shi ya fi kwanta mini, sai dai Ɗan_Maraɗi ya nuna cewa ƙayyadewar ma tana iya zama tauyewa idan ma'aunin ya yi ƙasa. Ina tambayar Malam, wa zai zama aƙilar direban haya a birni, mutumin da danginsa ke ƙauye kuma kowannensu da ƙyar yake ciyar da gidansa?

Direban_Tirela

Alhaji, a aikace ƙungiya ce aƙilarmu, ita ke karɓar kuɗi a tasha kullum, kuma ita ke zuwa da dattawa a ba da haƙuri. Hajiya Uwar_Marayu, na sha shiga irin tawagar da ta zo gidanku, kuma ban taɓa tambayar ko an shiga ciki an ji ta bakin matar ba. Idan kin san tashar da motar ke lodi, shugaban reshen yana da sunan mai ita da lambarta a littafi.

Uwar_Marayu

Na gode muku duka. Barista, shekara biyu da wata uku ke nan, kuma takardar da ke hannuna ita ce ta shaidar rasuwa daga asibiti kawai. Yafewar da yayyensa suka yi a gaban 'yan sanda ta rufe mini ƙofa, ko akwai sauran hanya?

Barista_Zazzau

Janye maganar laifi a wurin 'yan sanda daban, haƙƙin diyya na magada daban, kuma wanda ba magaji ba bai isa ya yafe rabon 'ya'yanki ba, kamar yadda Malam ya faɗa. Sai dai doka tana sa wa irin wannan ƙara wa'adi, saboda haka kada ki bari wata ya sake kamawa. Ki nemi kwafin rahoton haɗarin daga ofishin da aka kai maganar, ki rubuta lambar motar, ki tafi da su ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a da ke babban birnin jiharku ko wurin ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Ki turo mini sunan jihar ta akwatin sirri, kada ki sa shi a nan.